Tseren Grand National: Na Wace Shekara Ya Kamata Ka Fara Kallo?

Mai son doki da ya ji labarin Grand National, ya shiga YouTube don ya gane wa idonsa, zai tarar da bidiyoyi rututu na shekaru daban-daban, kowanne ana yi masa kirarin cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Tun 1839 ake wannan tsere a filin Aintree da ke gefen birnin Liverpool a Ingila, a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, kuma da wuya shekara ta wuce ba ta bar abin faɗi ba. Sai dai tsere ɗaya yana cin minti tara zuwa goma, ban da surutun kafin a tashi, kuma wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba yakan kashe waya ya ce ai hargitsi ne kawai. Shi ya sa na ɗauko shekarun da aka fi ambata, 1956 da 1967 da 1973 da 1977 da 1981 da 2021, na auna su da juna. Ni dai na 1973 na zaɓa, amma akwai mutanen da wani daban zai fi yi musu.

Sai an san filin kafin a ji daɗin kallo. Wanda ya saba da sukuwarmu, inda ake sakin dawaki su kwasa a guje a gama cikin ɗan lokaci, zai ga abin baƙo. A nan nisan kusan kilomita 7 ne, zagaye biyu. Shingaye 16 ne a filin, an lulluɓe su da korayen rassan itace. Ana tsallake 14 daga cikinsu sau biyu, sauran biyun sau ɗaya, jimilla tsalle 30 ke nan. Akwai waɗanda sunansu ba ya fita daga bakin mai sharhi. Becher's Brook shi ne na 6 da na 22; ƙasar da ke bayansa ta fi ta gabansa gangarawa, doki ya tashi yana zaton zai dira nan kusa sai ya ji ƙasa ta yi masa nisa. Sunan wani Kyaftin Becher ya ci, wanda ya faɗa cikin rafin wurin a tseren 1839. Canal Turn shi ne na 8 da na 24, inda doki yana dira sai a karya shi hagu nan take. The Chair shi ne na 15 kuma mafi tsayi, sama da mita ɗaya da rabi, ga rami mai faɗin kusan mita biyu a gabansa. Bayan tsalle na ƙarshe saura gudun mita 450 kafin layi, da wata lanƙwasa a tsakiya da suke kira Elbow. Wannan gudun na ƙarshe ya sa mahaya da yawa kuka.

Abu na biyu shi ne nauyi. Ba a barin dawaki su tashi da kaya iri ɗaya. Akwai jami'in da ke duba tarihin kowane doki, wanda ya fi ƙwarewa a ɗora masa nauyi mafi yawa, a cusa dalma a aljihunan zanin sirdi har mahayi da kayansa su kai ma'aunin da aka yanka. Manufa ita ce kowa ya samu dama. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai kalli tseren 1973 ya ɗauka doki mafi ƙarfi ne ya ci, alhali maganar ta fi haka.

Na 1956 shi ne mafi sauƙin yanke wa hukunci. Devon Loch dokin uwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne, Dick Francis ke kansa. Ya tsallake shingaye 30 lafiya, ya wuce Elbow yana gaba, saura kimanin yadi 40 ya taka layi, ga mai shi a rumfa tana kallo. Kawai sai ya yi wani ɗan tsalle a inda babu shinge, ya baje a kan cikinsa, ƙafafu a warwatse. E.S.B. da ke bayansa ya wuce ya ci. An duba dokin ba a ga ciwo ba. Wasu suka ce inuwar shingen ruwa da ke gefensa ya gani ya ɗauka tsalle ne, wasu suka ce jijiya ce ta riƙe masa, mahayinsa kuma ya fi karkata ga cewa ihun jama'a ne ya firgita shi. Abin al'ajabi ne, amma daƙiƙa goma ce kacal. A lokacin ba a fara nuna tseren kai tsaye a talabijin ba, sai a 1960 aka fara, don haka abin da za ka samu guntun fim ne baƙi da fari. Ka kalle shi a matsayin ƙari bayan ka ga cikakken tsere, kada ka ce da shi za ka san Grand National.

Na 1967 ya fi shi nama. Dawaki 44 suka tashi. A cikinsu akwai Foinavon, wanda 'yan caca suka sa wa 100 da 1, wato ba su ga ko alamar zai ci ba. (Caca ta dabaibaye wannan tsere tun asalinsa, ni doki da mahayi suka kawo ni, lambar kawai tana nuna yadda aka raina dokin ne.) Mahaya uku sun ƙi hawansa kafin John Buckingham ya karɓa. Mai dokin bai je filin ba, mai horar da shi ma yana wani tseren a Worcester. Akwai kuma Popham Down, wanda ya rabu da mahayinsa tun a shinge na farko, ya ci gaba da gudu a gaban garke da sirdi babu kowa. Da aka iso shinge na 23, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a filin, sai Popham Down ya fasa tsalle ya gitta ta gaban na gaba-gaba. Nan fa aka yi cinkoso. Dawaki suka turje, wasu suka wurga mahayansu ƙetaren shinge su suna wannan gefe, wasu suka juya da baya a guje. Foinavon yana can baya sosai, kuma wannan nawar tasa ita ta cece shi, domin Buckingham ya samu sararin hango abin da ke faruwa, ya ja shi ta gefen waje, ya samu 'yar kafa ya tsallake a karo ɗaya. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wasu 17 sun sake hawa ko sun sake ɗaukar shingen suka bi shi, Honey End da mahayinsa Josh Gifford a kan gaba, amma Foinavon ya kai layi da tazarar tsawon doki 15. A 1984 aka sa wa wannan shinge sunansa.

In kana da abokin da ba ruwansa da doki, kana so ka ja hankalinsa, wannan za ka nuna masa. Ba ya buƙatar bayani, ido kaɗai ya isa, kuma muryar mai sharhi Michael O'Hehir yana lissafa sunayen waɗanda suka cakuɗe ɗaya bayan ɗaya tana tayar da tsigar jiki. Rauninsa shi ne ba ya nuna maka gwaninta. Daga shinge na 23 zuwa ƙarshe doki ɗaya ne ke ta faman kai kansa gida, babu gumurzu. Na yaba wa Buckingham da nutsuwar da ya yi, amma wanda ya fara da 1967 zai tafi da fahimtar cewa Grand National sa'a ce zalla, kuma wannan zalunci ne ga dawakan da suka ci da ƙarfinsu.

Na 1981 wani iri ne daban, domin nauyinsa yana wajen fili. A 1979 likitoci suka gano mahayi Bob Champion yana da ciwon daji, ya shiga maganin da ya ƙwaƙule masa gashi ya rage masa ƙarfi. A ƙarshen shekarar dai Aldaniti, dokin da Champion zai hau a tseren 1981, ya ji mummunan rauni a ƙafa a filin Sandown, irin raunin da kan kawo ƙarshen tseren doki. Mai horarwa Josh Gifford, wanda ya zo na biyu a bayan Foinavon shekara 14 kafin nan, ya ajiye wa Champion aikinsa har ya warke, masu dokin kuma suka yi ta jinyarsa wata da watanni. Ranar tsere Aldaniti ya kusa kifewa a shinge na farko. Ya farfaɗo, ya karɓi gaba tun a zagaye na farko, bai sake ba da ita ba. Wanda ya taso masa a gudun ƙarshe shi ma abin kallo ne: John Thorne, dattijo mai shekara 54 wanda hawa ba sana'arsa ba ce, a kan Spartan Missile, dokin da aka haifa a gidansa kuma shi ya horar da shi da hannunsa. Tsawon doki huɗu ya raba su.

Wanda ke jinya, ko yake da majinyaci a gida, ban ga tseren da zan miƙa masa kamar wannan ba. Amma da sharaɗi: sai ya san labarin tukuna. Ka ɗauki wanda bai san komai ba ka kunna masa, abin da zai gani doki ne ja ya yi gaba ya riƙe gaba har ƙarshe. Tsere ne mai kyau, sai dai hawayen da ake zubarwa a kansa daga asibiti suka samo asali.

Haka na 2021 yake, ta wata fuskar. A ranar 10 ga Afrilu Rachael Blackmore, 'yar ƙasar Ireland, ta zama mace ta farko da ta ci tseren, a kan Minella Times. Hanyar ta yi tsawo: a 1977 Charlotte Brew ta zama mace ta farko da ta hau a Grand National, a 1982 Geraldine Rees ta zama ta farko da ta kai ƙarshe, a 2012 Katie Walsh ta zo ta uku. Hawan Blackmore darasi ne ga duk mai koyo. Wani doki mai suna Jett ya tsere wa kowa da nisa, ba ta ruɗe ta bi shi ba, ta riƙe nata ta gefen ciki tana ajiye masa numfashi, sai da Jett ya ƙare don kansa kafin shinge biyu na ƙarshe sannan ta saki linzami. Hoton bidiyon tas yake, ka ga komai. Abin da ya rage masa armashi shi ne annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, rumfuna wayam, aka kafa tarihi babu mai ihu. In 'yarka ko ƙanwarka na sha'awar doki, wannan ne nata. In kuma kai kana neman abin da zai sa ka miƙe tsaye ba ka sani ba, to mu koma 1973.

Dawaki 38 suka tashi ranar 31 ga Maris, amma biyu ake magana. Crisp daga Ostareliya aka kawo shi, ƙaton doki baƙi-baƙi, gwanin gajeren zango wanda ya ci babban tseren mil biyu na Cheltenham a 1971. Tambayar da kowa ke yi ita ce ko zai iya nisan da ya ninka wancan har da ƙari. Saboda darajarsa aka ɗora masa nauyi mafi girma, kilo 76. Red Rum kuwa kilo 66 ya ɗauka, bambancin ya ɗan haura kilo 10. Shi Red Rum ɗan talakawa ne a duniyar dawaki. Ya ratsa hannaye da dama, yana da ciwon ƙashi a cikin kofato, kuma mai horar da shi, Ginger McCain, dillalin tsofaffin motoci ne a Southport, bargarsa tana bayan shagon. Ba shi da filin horo, sai bakin teku. A kan rairayin nan yake sukuwa da shi, yana tsoma shi cikin ruwan gishiri, dokin kuwa ya daina ɗingishi.

Richard Pitman ke kan Crisp. Tun zagaye na farko dokin ya nuna ba ya son a riƙe shi, Pitman ya ƙyale shi ya yi gaba. A The Chair wanda ke bin sa kusa, Grey Sombrero, ya faɗi ya ji raunin da ya yi ajalinsa, Crisp ya zama shi kaɗai. Abin da ya biyo baya shi ne tsalle mafi kyau da na taɓa gani doki ya yi a wannan fili. Ba ya rage gudu in ya tunkari shinge, ba ya taɓa rassan, yana dira yana ci gaba kamar ba a ɗora masa komai ba. Da ya tsallake Becher's karo na biyu tazarar ta haura tsawon doki 20, har kyamara ba ta iya haɗa shi da na baya a hoto ɗaya sai ta ja da nisa.

Mutum ɗaya ne bai sallama ba. Brian Fletcher, mahayin Red Rum, ya gane cewa in ya jira garke to an gama, sai ya fito shi kaɗai tun farkon zagaye na biyu ya shiga farauta. Ka sa ido a kan wannan shawara tasa, domin ita ce ƙashin bayan tseren. Da ya makara da shinge biyu da bai kamo ba, da ya matsa wa dokin fiye da kima da shi ma ya ƙare. Shinge bayan shinge yana rage tazarar kaɗan-kaɗan, amma duk da haka da Crisp ya tsallake na 30 yana gaba da tsawon doki kusan 15.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Crisp yana dira daga shinge na ƙarshe sai ƙarfinsa ya tsiyaye gaba ɗaya, ƙafafunsa suka fara harɗewa, kansa na lilo. Pitman ya saki linzami da hannun dama ya ɗaga bulala, dokin ya kauce mata ya karkata hagu ya bar hanya, sai da aka sake daidaita shi kafin ya zagaye Elbow. Pitman da bakinsa ya sha faɗa cewa wannan kuskurensa ne, kuma shi ya jawo musu. A kan wannan nake ganin girmansa, don ba kowane mahayi ke ɗauke laifi daga kan doki ya ɗora wa kansa ba. Red Rum ya yi ta matsowa, Crisp ya ji ƙarar kofato a bayansa ya yunƙura da abin da ya rage masa, amma saura taku biyu ko uku a kai layi aka wuce shi. Tazarar ba ta kai tsawon doki ɗaya ba, kashi uku cikin huɗu ce. Lokacin da aka ɗauka minti 9 da daƙiƙa 1.9, ya rushe tarihin da aka kafa tun shekarun 1930 da sama da daƙiƙa 18, kuma ba a karya shi ba sai a 1990 da Mr Frisk ya zo. Na uku a ranar, L'Escargot, wanda ya ci Kofin Zinare na Cheltenham sau biyu, yana can baya da tsawon doki 25.

Abin da ya fifita wannan a kan sauran shi ne komai yana cikin fili. Ba ka buƙatar labarin asibiti kamar na 1981, ba hatsari ne ya yanke hukunci ba kamar 1956 da 1967. Nauyi, nisa, halin doki, shawarar mahayi mai kyau da marar kyau, duk suna gabanka cikin minti tara, a hoto mai launi, da jama'a cike da rumfuna, da muryar Peter O'Sullevan tana hawa tana hawa. Kuma yana barin ka da gardamar da ba ta ƙarewa a majalisar masu doki: wa ya fi? A ƙarshen wannan shekarar an sake haɗa su a Doncaster da nauyi iri ɗaya, Crisp ya ci. Masu goyon bayan Red Rum kuma za su ce maka a 1974 an ɗora masa kilo 76 ɗin nan da ya karya Crisp, ya ɗauka ya sake cin Grand National da shi. Ni zuciyata tana wajen Crisp a ranar, ba na ɓoyewa, amma wannan amsa ta 1974 ba ta da makusa.

Wasu za su ce me ya sa ba 1977 ba, tunda a nan Red Rum ya ci karo na uku, abin da babu dokin da ya taɓa yi kafinsa ko bayansa? Yana da shekara 12, ya zo na biyu a 1975 da 1976, mutane sun fara cewa ya tsufa. Tommy Stack ke kansa. Andy Pandy da ke gaba da nisa ya faɗi a Becher's karo na biyu, Red Rum ya karɓa, ya tafi ya ci da tsawon doki 25, filin kamar zai tsage don ihu. Biki ne, kuma daɗin biki sai wanda ya san ango. Ka kalle shi bayan 1973 da 1974, a lokacin za ka gane abin da ya sa da ya mutu a 1995 yana da shekara 30 aka binne shi daidai layin ƙarshe na Aintree.

Akwai biyu da ake yawan turawa waɗanda ba na ba da shawarar a fara da su. Na 1993 an soke shi: an yi tashin ƙarya sau biyu, igiyar tashi ta naɗe wuyan wani mahayi, 30 daga cikin 39 suka tafi ba su san an kira su ba, bakwai suka gama zagaye biyu a banza, Esha Ness a gaba. Na 2001 kuma ruwan sama ya mai da filin taɓo, 40 suka tashi huɗu suka kai, biyu daga cikinsu ma sai da mahayansu suka sake hawa bayan sun faɗo. Dukansu labarinsu ya fi kallonsu daɗi.

Magana ɗaya ba zan tsallake ba, don tana iya sauya zaɓinka. Dawaki suna mutuwa a wannan tsere, kuma tsofaffin bidiyoyin ba sa ɓoye faɗuwa. Na 1973 da nake yabo akwai mutuwar Grey Sombrero a cikinsa. A 2012 dawaki biyu suka mutu, ɗaya daga cikinsu Synchronised ne, wanda ya ci Kofin Zinare wata ɗaya kafin nan. Bayan haka aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa abu mai laushi, aka ɗan rage nisan, daga 2024 kuma aka rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34. Masu kare haƙƙin dabbobi suna cewa bai isa ba, har suka kutsa filin a 2023 suka jinkirta tashi. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san ba maganar banza suke yi ba. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ko da yara za ka kalla, ka nemi na 2018. Babu dokin da ya mutu a cikinsa, kuma ƙarshensa yana da ɗanɗanon 1973: Tiger Roll, ɗan ƙaramin doki da aka fara saya don bargar Godolphin ta Sarkin Dubai aka sayar da shi da arha bai yi musu tsere ko ɗaya ba, ya wuce Elbow da tazara mai kyau, sai ya fara ƙarewa, Pleasant Company ya taso masa kamar iska, sai da aka duba hoto aka ga Tiger Roll ya tsira da tsawon kai. Ya sake ci a 2019, na farko da ya yi biyu a jere tun bayan Red Rum.

In ka tsaya a kan na 1973, ka nemi cikakken bidiyon daga tashi har layi. Akwai guntaye na minti ɗaya da ke nuna gudun ƙarshe kawai, kuma wanda ya kalli su bai ga Crisp ba, gajiyayyen doki ya gani. In da wani za ku kalla, musamman babba da ya san doki, kada ka faɗa masa wanda ya ci. Ka dai gaya masa nauyin da kowannensu ya ɗauka, sannan ka nuna masa Crisp tun kafin a kai Becher's na farko.